Rajistar Sharuɗɗa: Darasin Baitulmali ga Masu Kwamfuta a Dutse

Jama'a, a zamanin En'e Dutse gunduma ce daga cikin gundumomin Kano. Harajin da masu unguwa da dagatai suka tattara ya kan bi ta hannun hakimi, malamin haraji ya rubuta, a yanka rasit, kana a kai kuɗin baitulmali. Ko kwabo ɗaya ya yi ɓatan kai akwai hanyar bin sawunsa, tun daga littafin ma'aji har ƙofar gidan wanda ya biya. Akawun wancan zamani ba shi da na'ura sai alƙalami da tawada, amma ya riƙe ka'ida guda wadda ba ta tsufa: kowane adadi ya san ubansa.

Zamani ya sake. A 1976 aka gyara tsarin ƙananan hukumomi a Nijeriya duka. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27, bakwai daga cikinsu, watau Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Miga, da Birnin Kudu, da Buji, da Gwaram, su ne ƙasar Sarkin Dutse. Magadan akawun En'e yanzu gaban kwamfuta su ke zaune. Albashi ta banki ya ke zuwa, yaran makaranta kuwa da na'ura su ke rubuta jarrabawar shiga jami'a. Abin da ke tafiyar da waɗannan ayyuka shi ne manhaja, watau jerin umurnin da a ke rubuta wa kwamfuta ta bi.

To, manhaja ba ta tsatsa kamar keke, gara ba ta cinta kamar littafi. Abin da ke lalata ta shi ne canji. Tun daga 1974 wani shehun malami na Landan, Lehman, ya nuna cewa duk manhajar da a ke aiki da ita cikin harkokin mutane tilas ne a riƙa sake ta, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa. Kuma kowane gyara yana ƙara mata sarƙaƙiya, sai fa in an yi aiki musamman don warware ta. Watau barin ta yadda ta ke hasara ne, taɓa ta kuma kasada ce. Mafitar kuwa tana cikin tsohuwar sana'ar akawu, shi ya sa muka kawo zancen gabanku.

SHARUƊƊA IRI BIYU

In mutum zai sa a gina masa rumbu, ya kan ce wa magini, "Ina son wanda zai ci dami ɗari." Wannan sharaɗin aiki ke nan. Amma akwai waɗansu sharuɗɗa da sau da yawa ba a furta su, don kowa ya ɗauka an sani: kada ruwa ya shiga, kada danshi ya hau daga ƙasa, kada gara da ɓera su sami hanya. Saboda su ne a ke ɗora rumbu bisa duwatsu. Waɗannan su ne sharuɗɗan nagarta. A ce bayan shekaru ɗan mai rumbu ya tashi faɗaɗa shi, ya ga duwatsun nan sun tare masa wuri, ba kuwa wanda ya taɓa gaya masa dalilinsu, sai ya kawar. Rumbu ya ci dami ɗari biyu, kowa ya yaba. Sai damina ta kama kana a gane abin da aka yi hasara.

Haka manhaja ta ke. Sharaɗin aiki shi ne, misali, ta lissafa albashin kowane malami, ta cire haraji da kuɗin fansho. In wannan ya karye, ran nan za a sani, don za a ji kuka. Sharaɗin nagarta kuwa ya kan mutu shiru, ba kuka ba ta'aziyya. Ƙungiyar duniya mai tsara ma'aunai ta jera irin waɗannan halaye cikin ma'aunin da a ke kira ISO 25010, wanda ya fito a 2011 da rukuni takwas: dacewa da aiki, da sauri tare da tattalin kayan aiki, da jituwa da waɗansu manhajoji, da sauƙin amfani, da aminci, da tsaro, da sauƙin gyara, da sauƙin ƙaura zuwa wata na'ura. Da aka sabunta shi a 2023 sai aka ƙara na tara, watau kiyaye lafiya da rai.

Amma jerin duniya ba ya isar mutum sai ya juya shi zuwa halin ƙasarsa, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ofishin da ke Miga ko Gwaram yana da bukatun da maginin manhaja na Legas ko na Indiya ba zai tuna da su ba sai an gaya masa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da suna, kada abin da aka riga aka shigar ya ɓace, kada kuma ya shiga sau biyu. In intanet ta yanke, a iya ci gaba da aiki, a aika daga baya. Manhaja ta karɓi ƙ da ɗ da ɓ, ta karɓi suna irin Sa'adu da Isma'ila ba tare da ta sare shi biyu ba. Ta iya rarrabe mutum goma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a gari ɗaya. A ajiye kwafin bayanai a wani gari dabam, don wanda ya ga ɓarnar da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa ba ya bukatar a gaya masa dalili.

Kuma lalle sharaɗi ya zama mai aunuwa. In an rubuta "manhaja ta yi sauri", ba a ce kome ba, don kowa da nasa saurin. In an rubuta "ta fitar da takardar albashin ƙaramar hukuma guda cikin minti biyar, a kan kwamfutar da ke ofishin ma'aji", to, an sami abin da za a riƙe agogo a gwada. Sharaɗin da ba a iya gwadawa fata ne kawai.

HANYOYI UKU DA SHARAƊI KE ƁATA

Hanya ta fari ita ce dalili ya mutu, aikin ya saura. Ranar 4 ga Yuni 1996 ƙasashen Turai suka harba sabon rokansu, Ariane 5, daga Kourou, a yankin Faransa da ke Kudancin Amurka. Wajen daƙiƙa 40 da tashi ya kauce hanya ya tarwatse, tare da taurarin ɗan'adam huɗu da ya ɗauko. Masu bincike suka gano cewa an ɗauko manhajar awon tafiya daga tsohon roka, Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Cikinta akwai wani gurbi wanda ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 32,767. A tsohon roka adadin ba ya kai nan, shi ya sa maginan fari ba su sa masa kariya ba. Sabon roka ya fi gudu, adadi ya cika gurbi ya tumbatsa, kamar a ce akawu ya sami lissafin da ya fi faɗin layin littafinsa. Na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma ta tsaya, don manhajarsu ɗaya. Abin takaici, sashen da ya jawo haka ba shi da wani amfani ga sabon roka bayan tashi. Bukatar tsohon ce aka bari tana gudana. Hujjar maginan fari daidai ta ke a zamaninta, amma da zamani ya sake ba a koma an tambaye ta ba.

Hanya ta biyu ita ce a yi gyara, gyaran ya kasa kaiwa ko'ina. Wannan a gida ya faru, malaman makaranta kuwa ba su manta ba. A jarrabawar shiga jami'a ta 2025, bayan sakamako ya fito, koke ya yi yawa. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure. An yi wa manhajar jarrabawa gyara, amma gyaran bai hau kan dukan manyan kwamfutocin da ke rarraba ta ba. Abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, aka sa su sake rubutawa daga 16 ga watan. Cibiyoyin Jigawa ba sa ciki, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sharaɗin da ya karye shi ne mafi girma a kowace jarrabawa: a auna kowane yaro da mudu ɗaya. Kowace na'ura ta buɗe, ta nuna tambayoyi, ta karɓi amsa, watau a ido aiki ya tafi daidai. Nagartar ce ta zube, ba a gani ba sai da sakamako ya fito.

Hanya ta uku ita ce ta fi shafar akawu. Akwai sharuɗɗan da takarda ke cikawa ba tare da an roƙe ta ba. In an kankare adadi cikin littafi, tabo ya kan nuna; in an sake rubutu, hannu ya kan tona. Kwamfuta ba ta barin tabo sai an umurce ta. A Ingila, daga 1999, hukumar gidan waya ta sa wa rassanta manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Sai ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa, masu riƙon rassan kuwa yarjejeniyarsu ta ɗora musu cika giɓi daga aljihunsu. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 gaban shari'a bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi. Waɗansu suka sha ɗauri, waɗansu suka rasa gida da mutunci. A 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin suna iya taɓa lissafin reshe daga nesa. A Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin ɗaruruwa. Mai riƙon reshe ya rantse bai ci ba, amma ba shi da littafin da zai buɗe ya nuna. Duk inda aka rasa hanyar bin sawun adadi, ƙaramin ma'aikaci ne ke ɗaukar laifin na'ura.

CANJI BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ce waɗannan labaran nesa ne. Dattawan ofis sun ga babban canji ranar 1 ga Janairu 1973, sa'ad da aka bar fam aka koma naira. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Amma a da kwabo goma sha biyu ne sule. Suna bai sake ba, daraja ta sake. Sisi ya faɗa daidai kan sabon kwabo biyar, taro kuwa ya zama biyu da rabi. Duk akawun da ya haɗa tsohon kwabo da sabo cikin layi ɗaya ya ɓata littafinsa, ko da kuwa bai yi kuskuren tarawa ba. An tsira a lokacin don akawu ya san kowane littafi da kowace takarda da kuɗi ke ciki, ya bi su ɗaya ɗaya.

Yau canje-canjen sun fi yawa, sun kuma fi sauri. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a Yuli 2024, dokar 2024 kuwa ta ce a riƙa sake dubawa kowace shekara uku. A 2022 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta ɗaga lokacin ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, maimakon 60 da 35. Duk hukumar da ta ɗauki wannan tilas ta taɓa lissafin albashi da na fansho gaba ɗaya. A Yuni 2023 aka kafa dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. A Yuni 2025 aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji, aka sa su fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, inda naira 800,000 na farko cikin kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kansu. Kowace daga cikin waɗannan tana nufin a buɗe cikin manhaja a yi mata aiki. Kowane buɗewa kuwa dama ce ta kawar da dutsen rumbu.

RAJISTAR SHARUƊƊA

Maganin da masana suka tsaya a kai sunansa bin sawun sharuɗɗa. A 1994 waɗansu masu bincike biyu na Landan, Gotel da Finkelstein, suka bayyana shi da cewa iya bin rayuwar sharaɗi ne gaba da baya: baya zuwa inda ya samo asali, gaba zuwa inda aka gina shi da inda aka gwada shi. Suka kuma gano cewa inda aka fi shan wahala shi ne bayan, watau a rasa wanda ya nemi sharaɗin da dalilin da ya sa ya nema. Almajirin ilmi ba zai yi mamakin wannan ba, don ya san darajar isnadi: magana ba ta da ƙarfi sai an san wanda ya karɓo ta daga wa.

A aikace abin rajista ce, ko cikin kwamfuta ko ma cikin babban littafi, mai gida bakwai. Gida na ɗaya, lambar sharaɗi, wadda ba a sake ta, ba a kuma ba wani ko bayan an soke shi. Na biyu, lafazin sharaɗin, cikin magana mai aunuwa. Na uku, asalinsa da dalilinsa: wace doka, wace takardar umurni, ko wane abu ne ya faru har aka ga bukatarsa. Na huɗu, mai shi, watau muƙamin da ba a sake sharaɗin sai da izninsa. A rubuta muƙami, kada a rubuta sunan mutum, don mutum ya kan tashi, kujera ta saura. Na biyar, sassan manhaja da na'urorin da sharaɗin ya rataya a kansu. Na shida, gwajin da ke tabbatar da shi. Na bakwai, ranar gwaji na ƙarshe da abin da aka samu.

Bari mu buga misali, don a ga rajista tana aiki. A ce wata ƙaramar hukuma tana da manhajar albashin malamai, cikin rajistarta akwai sharaɗi na 7: "Ba a sake adadin albashin kowa sai mutum na biyu ya amince, kuma manhaja ta rubuta wanda ya sake, da rana, da sa'a, da tsohon adadi, da sabo." Asalinsa dokar kuɗi da bukatar odita. Mai shi ma'aji. Gwajinsa, a sake albashin wani suna na gwaji, a duba ko tarihin ya fito.

Sai ƙarin albashi ya zo, ga malamai dubu biyu, ga wata ya kusa ƙarewa. Sake su ɗaya ɗaya zai ci mako biyu. Sai a roƙi magini ya buɗe sabuwar ƙofa, wadda za a zuba jerin duka a lokaci guda. Ya buɗe, albashi ya fita kan kari, kowa ya yi murna. Amma sabuwar ƙofar ba ta bi ta wurin mutum na biyu ba, ba ta kuma rubuta tarihi. Ba wanda ya yi nufin mugunta. Magini ya yi abin da aka ce masa ne. Bayan wata takwas odita ya tarar da suna uku da albashinsu ya haura ƙa'ida, ya tambayi wanda ya sake, manhaja ta yi shiru. Ido sai ya koma kan akawun da ke riƙe da mabuɗi.

Da akwai rajista, da tun ran da aka nemi sabuwar ƙofa an tambaya, "Wane sashe za a taɓa?" Amsa, sashen sake albashi. A duba gida na biyar, a ga sharaɗi na 7 yana rataye a nan. A kira ma'aji, don shi ne mai shi. Ko dai a gina ƙofar yadda za ta cika sharaɗin, ko kuwa, in lokaci ya ƙure, ma'aji ya sa hannu cewa an jingine shi na kwana kaza, an ajiye kwafin jerin da aka zuba, mutum biyu sun sa hannu a kai. Kowanne aka zaɓa, an zaɓe shi ido buɗe, kuma akwai takarda.

Rajista tana amsa tambaya ta kowace fuska. In doka ta sake, a bi ta gaba a ga duk wuraren da ta shafa, har da kowace kwamfuta da ya kamata gyaran ya hau, kada a bar ko ɗaya. In magini ya ga wani abu cikin manhaja yana son kawarwa, a bi ta baya a ga dalilinsa, ko yana raye ko ya mutu. Sharaɗin da ba shi da gwaji, ba a san halinsa ba. Sashen manhajar da ba ya komawa ga wani sharaɗi kuwa kamar kuɗin da aka fitar ba bauca ne, lalle a tambayi abin da ya kawo shi.

KA'IDAR RANAR CANJI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin da ke son zama lafiya ya tsai da ka'ida tun kafin bukata ta taso. Kowane canji a neme shi a rubuce, a ba shi lamba. A jera sharuɗɗan da zai taɓa, masu su su sa hannu. A yi gyaran a kan kwafi, ba a kan manhajar da a ke aiki da ita ba. A gwada sabon abu, sa'an nan a maimaita tsofaffin gwaje-gwaje, don abin da ya yi aiki jiya shi ne ya fi saurin karyewa ba a lura ba. In canjin babba ne, a tafiyar da tsohon tsari da sabo kafaɗa da kafaɗa na wata ɗaya ko biyu, a gwama jimillarsu har kwabo. A tanadi hanyar komawa baya in abu ya ƙi. A ƙarshe a gyara rajista a ranar, ba gobe ba.

Za a ce wannan aiki ne mai cin lokaci, ga ma'aikata kaɗan. Gaskiya ne, kuma akwai abin da ya fi haka: rajistar da aka bari ta tsufa ta fi rashin rajista haɗari, don mutane za su dogara da ita alhali ƙarya ta ke faɗi. Saboda haka kada a ce sai an bi sawun kome. Manyan kamfanonin jiragen sama da na kayan asibiti doka ta tilasta musu bin kowane sharaɗi, suna kuwa da manhajoji na musamman don haka. Ofishin ƙaramar hukuma ya zaɓi ashirin ko talatin waɗanda in sun karye kuɗi zai ɓata, ko haƙƙin wani ya salwanta, ko asirin wani ya tonu. Ya riƙe waɗannan da kyau. Shafi uku masu gaskiya sun fi kundi mai ƙura.

Wuri na biyu da ya kamata a sa ido shi ne takardar kwangila. Sau da yawa sanin dalilan manhaja yana cikin kan mutum ɗaya, ko kamfani ɗaya. Ran da kwangila ta ƙare, ko aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, sanin ya tafi da shi, a bar ofis da na'urar da kowa ke tsoron taɓawa. Don haka a rubuta tun farko cewa rajistar sharuɗɗa da gwaje-gwajenta mallakar hukuma ne, ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an miƙa su, kuma kowane gyara sai ya zo da rajista sabuntacciya. Tun ran gini ran zane.

RABON AKAWU DA NA MALAMI

Jigawa ba ta rasa masu ilmin na'ura ba. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, inda a ke koyar da wannan fanni. Amma saurayin da ya iya rubuta manhaja bai san abin da ya sa bauca ke bukatar hannu biyu ba sai an gaya masa. Gida na uku cikin rajista, gidan dalili, ba injiniya ke cika shi ba. Akawun da ya daɗe a ofis ne ya san abin da ya taɓa faruwa har aka kafa wata ka'ida. Hedimasta ne ya san cewa yaro ɗaya ya kan zo da suna iri uku cikin takardu uku. In ba a zauna da su an rubuta ba kafin su yi ritaya, an binne littafi.

Saboda haka, ya kai akawu, in an ce za a kawo sabuwar manhaja ko za a gyara ta da, kada ka ɗauka abin ya fi ƙarfinka. Yi tambaya huɗu cikin ladabi. Ina jerin sharuɗɗan da ta tsaya a kai? Waɗanne ne wannan gyara ya taɓa? Wa ya gwada, yaushe, a kan wace na'ura? In adadi ya sake, ina zan ga wanda ya sake shi? Ba rashin kunya ba ne, tsare amana ne, kuma tsare kai ne. In kuma ka ga abin da bai yi daidai ba, rubuta shi da rana da sa'a, ka kai gaba a rubuce, ka riƙe kwafi.

Kai kuma malam, in kana koya wa yara kwamfuta, kada ka tsaya ga yadda a ke sa ta yi aiki. Ba su aiki, su rubuta sharuɗɗansa, su gina. Bayan mako biyu ka sake musu ka'ida guda, ka ba wani yaro aikin ɗan'uwansa ya gyara. A nan za su gane da kansu amfanin rubuta dalili, darasin kuwa ba zai fita kansu ba.

Littafin baitulmali ya tafi, amma ka'idarsa tana nan: abin da aka ba ka amana, ka iya nuna inda ya fito da inda ya shiga. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya kiyaye mu da ɗaukar laifin da ba namu ba, amin.